Me ke tura gwamnatoci bakin yaƙi da maƙwabtansu? Bayani a kan takaddamar Najeriya da Nijar

Tambaya:

Ni mutumin Zuru ne a Jihar Kebbi, kuma kamar gidaje da yawa na garinmu, gidanmu akwai soja. Tun da aka yi juyin mulki a Nijar a 2023 aka ce za a tura dakaru, har yau gardamar ba ta mutu ba a majalisarmu. Wasu suna cewa Najeriya ta cika baki ta kasa, da ta shiga da tuni an gama. Wasu kuma suna ganin sojojin Nijar jarumai ne da suka kori Faransa, don haka duk abin da suka faɗa a kan Najeriya gaskiya ne. Duk sanda aka fara musayar zargi a rediyo sai hankalin iyayenmu mata ya tashi. Don Allah a yi mana bayani: me ke sa shugabanni su riƙa matsawa zuwa yaƙi da maƙwabta, kuma wane haɗari ne a ciki ga irinmu?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa mai tambaya, abin da ya kamata ka fara sani shi ne, da wuya ka ga shugaban da ya tashi da safe da niyyar yaƙi da maƙwabcinsa. Abin da ya fi faruwa shi ne ya yi barazana don ɗayan ya ji tsoro ya janye. Shi kuma ɗayan sai ya mayar da wadda ta fi ta zafi, da irin wannan niyyar. Kowane mataki a bainar jama'a ake ɗaukarsa, kuma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kafin a ankara sai ka tarar da mutum biyu da babu mai son faɗa a cikinsu, amma kowa ya toshe wa kansa hanyar komawa baya ba tare da ya ji kunya ba. Abin da ya faru a 2023 ke nan, kuma in ka bi kwanakin a jere za ka gan shi da idonka.

Ranar 9 ga Yuli 2023 aka ba Shugaba Bola Tinubu jagorancin ƙungiyar ECOWAS a Bissau, inda ya faɗa ƙarara cewa ba za a sake lamuntar juyin mulki a yankin ba. Kwana goma sha bakwai bayan haka, ranar 26 ga Yuli, dakarun da ke gadin fadar shugaban ƙasa a Yamai, ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka hana jiragen sama shiga, suka riƙe kuɗaɗen gwamnatin Nijar, sannan suka ba sojojin wa'adin kwana bakwai su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Washegari Mali da Burkina Faso suka fitar da sanarwa tare cewa duk wanda ya taɓa Nijar ya ƙaddamar da yaƙi ne a kansu. Najeriya ta yanke wutar lantarki. Ranar da wa'adin ya cika, 6 ga Agusta, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna goyon bayan sojoji, Nijar kuma ta rufe sararin samaniyarta. Ranar 10 ga Agusta ECOWAS ta ba da umurnin a shirya rundunar ko-ta-kwana, ranar 18 kuma, bayan taron hafsoshi a Accra, aka ce har an tsayar da ranar shiga.

Ka duba wa'adin nan na kwana bakwai, domin a ganinmu shi ne babban kuskuren da aka tafka. Wanda ya kama shugaban ƙasa da bindiga ya san in ya sake shi ya miƙa wuya, kurkuku ce ke jiransa ko abin da ya fi ta. Ba a nuna masa wata ƙofa da zai fita ta cikinta da ransa da mutuncinsa ba. Su kuma masu wa'adin, da kwanakin suka ƙare ba a yi musu biyayya ba, abu biyu ya rage musu: su kai hari, ko duniya ta ga maganarsu ba ta da nauyi. Wa'adi irin wannan yana ɗaure mai ba da shi fiye da wanda aka ba.

To me ya sa aka yi gaggawa haka? Ba za a ce babu dalili na gaskiya ba. Kafin Nijar an yi juyin mulki a Mali a 2020 da 2021, a Gini a 2021, a Burkina Faso har sau biyu a 2022. Duk shugaban farar hula da ke yankin yana kallon masu gadinsa da wani ido, kuma Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Tsoron kujera yana cikin lamarin, kamar yadda kishin tsarin mulki yake ciki. Ga shugaban Najeriya a lokacin wata biyu kacal da rantsar da shi, ya cire tallafin man fetur, jama'a na cikin ƙunci, shari'ar zaɓensa tana gaban kotu, ga kuma alƙawarin da ya yi a Bissau bai ko huce ba. Mutum a irin wannan hali yana buƙatar a ga ƙarfinsa. Sannan akwai tunawa da Gambiya. A Janairun 2017 dakarun ECOWAS suka tunkari Banjul, Yahya Jammeh ya hau jirgi ya tafi ba tare da an gwabza ba. Wasu sun ɗauka haka za ta sake kasancewa. Amma Gambiya ƙaramar ƙasa ce mai mutum wajen miliyan biyu a lokacin, Senegal ta zagaye ta, kuma zaɓaɓɓen shugabanta Adama Barrow yana Dakar cikin aminci. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, mutanenta sun haura miliyan 25, sojojinta sun shafe shekaru suna yaƙi da masu tayar da ƙayar baya, shugaban da ake son cetowa kuwa yana hannun waɗanda za a kai wa harin, shi da matarsa da ɗansa.

Su ma sojojin Yamai suna da tasu buƙatar, kuma masu ɗaukarsu jarumai a majalisarku ya kamata su dubi wannan. Mutumin da ya karɓi mulki da bindiga ba shi da ƙuri'ar da zai nuna. Abin da zai sa talaka ya manta da tambayar wa ya zaɓe ka shi ne a nuna masa maƙiyi a bakin ƙofa. Barazanar ECOWAS ta ba su wannan kyauta. Fushin mutanen Nijar da Faransa na gaske ne, tsohon ciwo ne tun zamanin mulkin mallaka da haƙar yuraniyom a Arlit, ga sojojinta kusan 1,500 a ƙasar amma kashe-kashe a yankin Tillaberi ba su tsaya ba. Sai dai korar Faransa daban, halascin tsare mutum da iyalinsa ba tare da shari'a ba daban. Bazoum ya shafe fiye da shekara biyu a tsare. Janar Tchiani da ya ce a Agustan 2023 riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba, a Maris 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar. Gwamnatin da ta ɗora farin jininta a kan barazanar waje ba ta son barazanar ta gushe gaba ɗaya. Da wannan idon ya kamata a karanta hirar da ya yi da harshen Hausa a ƙarshen Disamban 2024, inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula ƙasarsa, zargin da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Nuhu Ribadu da sauran jami'ai suka musanta. Zaɓen Hausa a wannan hira ba banza ba ne, kunnen mutanen arewacin Najeriya ake nema.

Manyan ƙasashe kuwa kowacce da abin da take karewa. Faransa ta goyi bayan matsin ECOWAS a fili, ƙarshenta sojojinta suka fice a Disamban 2023. Amurka, mai sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta yi taka-tsantsan, ita ma ta kwashe nata a 2024. Rasha ta shigo gurbin. Babu ɗaya daga cikinsu da garuruwanta ke kan wannan iyaka.

Masu cewa da an shiga da tuni an gama, wannan ita ce jumlar da kusan kowane dogon yaƙi ya fara da ita. A Satumban 1980 Saddam Husaini ya afka wa Iran yana ganin juyin juya hali ya raunana ta, makonni kaɗan za su isa. Sai da aka yi shekara takwas, dubban ɗaruruwan Musulmi suka mutu a ɓangarorin biyu, aka tsaya a 1988 iyaka tana inda take. Kusa da mu ma akwai misali. A Disamban 1985 Mali ta Moussa Traoré da Burkina Faso ta Thomas Sankara suka gwabza na kwana biyar a kan zirin Agacher, kuma abin da ya kunna wutar shi ne ma'aikatan ƙidaya da suka shiga ƙauyukan da ake jayayya a kansu. An yi ruwan bama-bamai, an rasa rayuka, bayan shekara ɗaya Kotun Duniya ta raba yankin kusan biyu. Ma'aikatan ƙidaya fa! In dakaru suka ja daga suna fuskantar juna, ba sai shugaba ya ba da umurni ba. Ƙaramin hafsa ɗaya da ya firgita da dare, ko jirgi ɗaya da ya ɓata hanya, ya isa.

Sannan wa za a harba? Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, ta ratsa Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. Turawa ne suka shata ta a tsakiyar dangi. Arawan Kangiwa 'yan'uwansu na Dogondutsi, Dandawa da Zabarmawan Kamba nasu na Gaya, mutanen Illela da na Ƙonni kasuwarsu ɗaya, haka Jibiya da Maraɗi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Kuma hanya mafi kusa daga Najeriya zuwa Yamai ta Kebbi take bi, ta Kamba da Gaya da Doso. Da an yi yaƙin, jiharku ce za ta zama zangon dakaru, ita ce kuma za ta fara karɓar masu gudun hijira da martanin da za a mayar.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi muka fi son ka riƙe, shi ne yaƙin da ba a yi ba ɗin ma sai da aka biya kuɗinsa. Iyaka ta zauna a rufe fiye da wata bakwai. Albasa ta ruɓe a cikin manyan motoci, fataken shanu da wake suka tsaya cik, magani da abinci suka yi tsada a Nijar, har gwamnati ta zaftare kasafin kuɗinta na 2023 da kusan kashi 40 cikin 100. Babu janar ɗin da ya kwana da yunwa. Maganar wuta kuwa ta fi yadda ake ɗaukarta zurfi. Wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa a lokacin, babban layin kuma daga Birnin Kebbi ya tashi zuwa Yamai. Jami'an Najeriya da kansu sun sha bayyana cewa ana ba maƙwabta wuta ne don kada su tare kogin Kwara daga sama, tunda da ruwansa madatsar Kainji take aiki tun 1968. Ranar da ka mayar da wannan tsohuwar fahimta makami, ka koya wa maƙwabcinka cewa kada ya sake dogara da kai, ka kuma ƙara masa himma a kan tasa madatsar ta Kandaji da ya daɗe yana ginawa a sama da Yamai. Manomin shinkafa a Yawuri da masunci a Bagudo suna cikin waɗanda wannan lissafin ya shafa, ko da ba su sani ba.

A ƙarshe ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyaka a Maris, ba tare da an samu ko ɗaya daga cikin abin da aka nema ba. Abin da aka samu shi ne ƙawancen ƙasashen Sahel uku da aka ƙulla ranar 16 ga Satumba 2023, da ficewarsu daga ECOWAS wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, da janyewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris 2025. In sojojin ƙasa biyu suka daina amsa wayar juna, mai cin riba shi ne ɗan bindigar da ke kai hari a nan ya tsallaka can. Lakurawa sun daɗe a dazukan Tangaza da Gudu tun kafin juyin mulkin, ba shi ya haife su ba. Amma hedikwatar tsaron Najeriya da bakinta ta ce a Nuwamban 2024 lalacewar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin ce ta buɗe musu hanya, kuma a cikin watan ne suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie.

Zuru ba ta kan iyakar Nijar. Maƙwabtanta Zamfara ne da Jihar Neja, wadda sau da yawa ake rikita sunanta da na ƙasar. Amma ƙasar Zuru tana biyan irin wannan bashi ta fuska biyu. Ta farko ka faɗe ta da bakinka: gari ne na soja tun zamanin Turawa. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999 ɗan nan ne, marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami ma Manjo Janar ne. A bayan kowane suna irin wannan akwai ɗaruruwan kurata da kofur-kofur da ba wanda ya san sunansu sai iyayensu, Musulmi da Kirista, kuma su ake fara turawa. Dattawan da suka ga zamanin ECOMOG a Laberiya da Saliyo daga 1990 sun san yadda aikin da aka ce na ɗan lokaci ne ya ci shekaru da rayuka.

Fuska ta biyu ita ce gida. Soja ɗaya ba ya tsayuwa wuri biyu. A Maris 2022, tun ba a fara wannan rikici ba, 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da 60, kwana kaɗan bayan haka suka afka wa jami'an tsaron da ke tare da mataimakin gwamna a Kanya suka kashe kusan ashirin. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka tafi da ɗalibai 25, har Gwamna Nasir Idris ya fito yana tambayar wanda ya ba da umurnin janye sojojin da ke gadin wurin jim kaɗan kafin harin. In janye 'yan tsirarun sojoji daga makaranta ɗaya ya haifar da wannan, ka ƙiyasta abin da zai faru da Wasagu da Ribah da Dirin Daji da Mahuta in aka kwashi bataliya-bataliya zuwa Doso. Wannan tambayar za ka yi wa mai cewa Najeriya ta ji kunya.

Mu a wajenmu janyewar ba abin kunya ba ce. Najeriya ta taɓa yin abin da ya fi wannan ɗaci, lokacin da ta karɓi hukuncin Kotun Duniya na 2002 ta miƙa wa Kamaru Bakassi a 2008, alhali ta fi Kamaru ƙarfin soja. Mutanen yankin sun sha wahala, har yau wasu na kuka da matakin, amma ba a binne dubban matasa a kan lamarin ba. Abin da ya taka birki a 2023 kuwa ya cancanci a san shi. Tsarin mulkin 1999, sashe na 5, bai yarda shugaban ƙasa ya tura sojoji fagen fama a waje ba sai da amincewar Majalisar Dattawa, kuma ranar 5 ga Agusta majalisar ta ce a bi hanyar sulhu, sanatocin arewa na kan gaba wajen ƙin yaƙin. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar amma ba ta sa albarka ga amfani da ƙarfi ba, Aljeriya ma ta ƙi. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta dawo ba ta ga Tchiani ba, tunda da sunan masu wa'adi ta je. Ranar 9 ga Agusta Khalifa Muhammadu Sanusi II ya gana da shi, ranar 12 tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi, sai ranar 19 Abdulsalami ya koma ya ga Tchiani ya kuma ga Bazoum. Waɗanda ba su riƙe da bindiga ba su suka buɗe ƙofar, saboda mutum yana iya sassautowa a gaban malami ko basarake ba a ce tsoro ya ji ba.

Wannan aikin nasu shi ne abin da aya ta 9 a Suratul Hujurat ta ɗora wa al'umma in ɓangarori biyu na muminai suka tashi faɗa, wato a fara da sulhu kuma a yi shi da adalci. Ya kuma inganta a Bukhari da Muslim cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana burin haɗuwa da abokan gaba, ya yi umurni da roƙon Allah lafiya. In haka aka ce game da abokan gaba na sarari, ina ga maƙwabci wanda kuke alƙibla ɗaya da auratayya? Ƙin yaƙi ba ya nufin ka halatta juyin mulki, ƙin juyin mulki kuma ba ya nufin ka yarda a jefa wa Doso bam ko a hana mara lafiya magani.

Abin da ke hannunka kai da abokan majalisarka kaɗan ne amma yana da tasiri, domin duka gwamnatocin biyu suna auna zafin jama'a kafin su ɗaga murya. Saƙon murya da bidiyon da ake turowa a WhatsApp da TikTok, na cewa ga sansanin Faransa a daji kaza ko ga dakaru sun tsallaka iyaka, kada ka tura shi gaba in ba ka tabbatar ba. Aya ta 6 a wannan surar dai a kan tantance labari take, kuma an sha kama tsofaffin hotuna daga wasu ƙasashe ana liƙa musu sabon suna. 'Yan Nijar da ke zaune a cikinku, masu shayi da masu gadi da 'yan kasuwa, ba su da hannu a abin da ake faɗa a Yamai, kada a bari wani ya huce a kansu.

Iyayenku mata kuma a gaya musu cewa zafin magana a rediyo ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko hafsoshi da jakadu suna ci gaba da zama tare, ko iyaka a buɗe take, ko wuta na tafiya. A Agustan 2024 babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai aka sa hannu kan farfaɗo da haɗin kan tsaro, a Afrilun 2025 kuma ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya bi sahu, wata huɗu kacal bayan waccan hirar ta zargi. Ranar da kuka ji an sake ba da wa'adi mai ƙidayar kwanaki, ko an janye jakadu, ko an fara tara dakaru a Kamba da Illela, a ranar ne ya dace sarakuna da malamai da 'yan majalisarku su ji muryarku tun kafin kwanakin su cika.

Allah ne mafi sani.